Darasi a Kan Wayar Hannu da Neman Halal: Abin Lura ga Samarin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta da iska, Ya kuma sanar da shi yadda zai nemi abincinsa da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na wannan karo a kan wani abu ne wanda kusan kowane ɗayanku ya ke ɗauke da shi a aljihu, watau wayar hannu. Ba za mu ɓata lokaci wajen tambayar ko ita kanta halal ce ko haram ba, domin ƙarfe da gilashi ba su da laifi, kamar yadda wuƙar mahauci ba ta da laifi. Abin da za mu duba shi ne wannan: a ƙasashenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waya ta riga ta zama kayan sana'a, daidai da garma da sikeli da keken ɗinki. Ta gajarta hanya, ta sauƙaƙa ciniki, amma kuma ta ɗauke waɗansu abubuwa da su ke tsare dukiyar mutane tun zamanin kakanni, su ne ganin kaya da ido, da shaidu, da sanin fuskar wanda ka ke hulɗa da shi. To, abin da waya ta ɗauke, wajibi ne mai riƙe da ita ya mayar da shi da hannunsa.

Yadda abin ya faro

Mafi yawanku ba ku san zamanin da babu waya ba, saboda haka ku saurara. Kafin shekarar 2001, duk faɗin Nijeriya layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan ɗari. Waɗannan ɗin ma suna ofisoshin gwamnati ne da gidajen manya a birane. Mutumin Sabuwa in yana son ya san nawa a ke sayar da masara a Dawanau, sai dai ya jira direban da ya dawo daga Kano, ko kuwa ya shiga mota da kansa. Saƙon rasuwa ma a rediyo a ke jinsa, ko a tashi yaro a kan keke.

A watan Janairu na 2001 gwamnatin tarayya ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN su ka fara aiki. Layi ɗaya a lokacin ya kan kai naira dubu ashirin, ban da kuɗin wayar, kuma in ka yi magana ta daƙiƙa biyar sai a cire maka kuɗin minti guda cif. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sa'an nan sauran su ka sauko. Yau layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150.

Ba a rana ɗaya abin ya iso ƙauyukanmu ba. Ya fara da manyan garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, daga baya ya bi titi ya shiga ciki. Abin da ya kai shi hannun talaka kuwa shi ne ƙananan wayoyin nan masu araha irin Tecno da Itel, masu cin layi biyu, masu riƙe caji kwana da kwanaki, masu tocila da rediyo. Ku lura da wannan, domin akwai darasi a ciki. Masu ƙera su sun zo sun duba halin da mu ke ciki ne, sun ga babu wuta, sun ga layi ɗaya ba ya kamawa a ko'ina, sai su ka ƙera abin da ya dace da matsalarmu. Haka ƙirƙira ta ke. Mai ita ya kan fara da duban abin da ya dami maƙwabcinsa.

Sana'o'in da ta haifa

Ku ƙirga da kanku sana'o'in da babu su lokacin da a ka haifi yayyenku. Da farko an yi masu lema da teburi a bakin tasha, ka biya ka buga waya. Wannan sana'a ta mutu da kowa ya sami tasa, kuma mutuwarta ma darasi ce. Sai masu sayar da kati, sai masu caji, da janareta da farko, yanzu kuwa da sola. Sai masu gyara, waɗanda da yawansu a Kano su ka koyo, a kasuwar waya ta Farm Centre, ko kuwa a hannun wanda ya koyo a can. Sai masu tura karatu da finafinai a memori. Sai masu POS, waɗanda su ka zama bankin ƙauyen da bai taɓa ganin banki ba.

Tsofaffin sana'o'i su ma sun sake kama. Ɗan acaɓa ba ya tsayuwar jiran fasinja kamar da, kiransa a ke yi. Dillalin hatsi a Ɗandume yana tsaye a bakin rumfa ya san farashin Dawanau da na Legas. Mai shanu a Sheme ya kan ɗauki hoton sa ya tura wa mai saye a kudu. Wanda bai yi boko ba, bai iya rubutu ba, ya kan danna ya yi magana da bakinsa saƙo ya tafi, kuma ni a ganina wannan saƙon murya ya fi kome buɗe wa mutanenmu ƙofar ciniki. Gwamnati ma ta bi ta nan: a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ya ke ministan gona, an fara tura wa manoma saƙon taki ta waya, mutum ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi.

Akwai wani alheri a nan da ya kamata a faɗa. Shari'a ta hana tarye, watau mutum ya tare masu kawo kaya a hanya tun ba su shiga kasuwa sun san farashi ba, ya saye da araha. An hana ne domin kada a ci jahilcin baƙauye. To, yau manomi yana gindin rumbunsa zai buga waya sau biyu ya san abin da kasuwa ta ke ciki. Waya ta karya ƙashin bayan mai tarye, kuma wannan abin godiya ne.

Watannin da a ka rufe layi

Ba mu san yadda aikinmu ya koma cikin waya ba sai da a ka ɗauke ta. Kun san halin da wannan yanki ya shiga na ɓarayin daji. Ranar 11 ga Disamba 2020 a ka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a ka sako su bayan kwana shida. A cikin wannan wata ne kuma gwamnatin tarayya ta ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambar katin ɗan ƙasa. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da mai a jarka. Cikin watan Satumba sai a ka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa, a ka kuma hana sana'ar cajin waya. Sai a watan Disamba a ka ba da umurnin a fara mayar da layi.

Dalilin da hukuma ta bayar shi ne ɓarayi da waya su ke tsara hari, da ita su ke cinikin kuɗin fansa, da ita kuma masu kai masu rahoto daga cikin gari su ke gaya masu wa ya sayar da amfanin gona, wa ya dawo daga tafiya. Ba wurin nan ne za a yi shari'ar ko matakin ya biya bukata ba. Mutane da yawa sun yi kukan cewa an kawo hari sun rasa yadda za su kira taimako, kuma kukansu gaskiya ne. Abin da ya shafi darasinmu shi ne abin da ya sami masu sana'a. Mai POS ya wayi gari na'urarsa ta zama dutse. Mai kati ya rasa mai saye. Mai caji ya tattara wayoyinsa. Wanda ɗansa ke turo masa kuɗin cefane daga Abuja ko Fatakwal sai ya hau mota ya biya kuɗi ya je inda sabis ya ke. Amma tela bai daina ɗinki ba, maƙeri bai daina ƙira ba, wanda ya iya haɗa sola ya ci gaba da haɗa wa mutane fitila da famfon ban ruwa. Ɗan kasuwar da ya rubuta bashinsa a littafi ya san wa ya ke bi, wanda kuwa ya bar kome a cikin saƙonnin da sai da data su ke buɗewa ya zauna yana zare ido.

Layi ba naka ba ne, ya ɗan'uwa. Na kamfani ne, kuma hukuma na iya rufe shi da takarda ɗaya. Kuɗinsa ma ba kai ke yankawa ba, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarje wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Zanen aro ba ya rufe katara. Saurayin da duk abincinsa ya rataya a kan sabis, lalle ya nemi abu na biyu da hannunsa ya iya.

Game da mai kai rahoto kuwa, magana ɗaya ce. Wanda ya buga waya ya nuna gidan maƙwabcinsa don a ba shi dubu biyar, yana da kamasho a cikin duk jinin da a ka zubar da duk dukiyar da a ka ƙwata a wannan dare. Cewa bai riƙe bindiga ba ba za ta fisshe shi ba. Allah Ya kiyashe mu.

Cinikin da ba a ga kaya ba

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne rigima ta fi yawa. A da, in za a sayi buhu hamsin na masara, mai saye zai zo ya soka hannu, ya ciji ƙwaya, ya duba ko ta bushe, ko akwai ƙwari. Dillali yana tsaye, 'yan dako suna tsaye, maƙwabtan rumfa suna ji. In mai kaya ya ce «albarka» kowa ya ji, in ya ce «na sallama» kowa ya ji. Ko ba a kira kowa shaida ba, kasuwa ita kanta shaida ce. Yanzu fa? Mutum biyu ne, ɗaya a Faskari ɗaya a Ibadan, babu na uku. Bayan kwana huɗu sai ka ji wannan yana cewa dubu kaza mu ka yi, wancan yana rantsuwa ba haka ba ne.

Malaman mazhabar Maliku sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma wanda ya karanta Risala ya san haka. Sharaɗin shi ne siffar ta zama ta gaskiya, ta kuma wadatar, in kaya su ka zo ba yadda a ka faɗa ba mai saye yana da ikon mayarwa. Saboda haka ciniki ta waya ya inganta. Amma hoto ma siffantawa ne, kuma a na yin ƙarya da shi. Wanda ya ɗauki hoton bakin buhu inda ya zuba mai kyau, ya bar tsakuwa da dusa a ƙasa, algus ya yi. Wanda ya ɗauki sa ta gefen da ba a ganin ciwon ƙafarsa, algus ya yi. Gani ya kori ji ne in mai nunawa ya nuna duka.

Sa'an nan ga wata mas'ala da samari da yawa ba su sani ba. An hana mutum ya sayar da abincin da ya saya da awo tun bai karɓe shi ba. Yau sai ka ga saurayi yana zaune a inuwa, ya saya ta waya daga wannan, ya sayar ta waya ga wancan, wancan ma ya sayar wa na gaba, alhali hatsin yana rumbun mai shi ko ɗaure shi ba a yi ba. Kowa ya ɗora ribarsa, farashi ya hau, talakan da zai auni tiya ɗaya shi zai biya. In kai dillali ne, to ka fito fili ka ce kai dillali ne, ka karɓi la'adarka da sanin kowa, wannan halal ne tsarkakakke. In kuwa saye ka yi, to ka karɓa, ko wakilinka ya auna ya karɓa, sa'an nan ka sayar. Haka nan dabarar nan ta kara waya a kunne a gaban mai saye, a yi kamar wani yana taya kayan da tsada alhali babu kowa a layin, ita ce dai tsohuwar yaudarar nan da malamai ke kira najashi, ta sake riga kurum.

Maganin yawancin wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ku duba ikon Allah, na'urar da ta kore shaidu ita ce kuma ta fi kowace sauƙin rubutu. In kun gama magana, tura saƙo a rubuce ko da murya: kaya kaza, adadi kaza, farashi kaza, kuɗin mota a kan wane, biya ranar kaza. Shi ma ya amsa ya ce ya yarda. In cinikin babba ne a sa mutum biyu cikin maganar. Da dare kuma ka kwafe shi a littafi, saboda waya ta kan faɗa ruwa, ta kan ɓata, a kan sace ta. Kada kunya ta hana ka. Wai don shi abokinka ne ko ɗan ƙanen babanka? Ai tsakanin 'yan'uwa ne rigimar kuɗi ta fi muni.

Mai gyara da mai caji

Kai da ka ke gyaran waya, ka sani ba ƙarfe kaɗai a ka miƙa maka ba. A ciki akwai hotunan iyalin mutum, da asirin cinikinsa, da hanyar shiga asusunsa na banki. Matar aure za ta aiko yaro da wayarta, ta faɗi lambar buɗewa don ka gwada. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, kuma ba ta ware mai gyara ba. Ka gwada abin da a ka kawo ka gyara, ka rufe.

A fiƙihun Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da a ka bar masa ya yi aiki a kai, in sun lalace ko sun ɓata a hannunsa shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. An yi haka ne don maslahar jama'a. To, wanda bai ƙware ba ya buɗe wayar mutane yana koyo a kanta, ya ƙone ta, sa'an nan ya ce da ma a mace ta zo, ya haɗa laifi biyu. Wanda ya cire batir na asali ya sa jabu, ko ya sa tsohon gilashi ya karɓi kuɗin sabo, sata ya yi. Mai caji shi ma amana ce a hannunsa, ya manna lamba a kowace waya ya ba mai ita ɗaya, kada a yi musaya.

Ina kuwa kwaɗaitar da ku wannan sana'a ƙwarai. Wanda ya iya karanta allon cikin waya, ya san inda wuta ke bi, ya iya narka dalma da kyau, gobe shi ne zai gyara inbata da famfon sola da na'urar awon asibiti. A cikin wayar da ke hannunku akwai darussan koyon wannan kyauta, har da Hausa. Datar da ta ke ƙarewa a kallon raye-raye da musun ƙwallo ta isa mutum ya koyi sana'a guda a shekara.

Mai POS

A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma daga Janairu zuwa Maris 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. A lokacin ne tsoho mai sayar da rake ya koyi karɓar tiransifa, a lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay su ka cika kasuwanni. A lokacin ne kuma a ka ga halin mutane, don an kai inda mai POS ke cire naira dubu a kowace dubu goma, wani wuri ma fiye.

Ladan aiki halal ne. Ka je gari ka ɗauko kuɗi, ka ɗauki kasadar hanya, kamfani yana cire nasa, ka zauna rana tana dukanka, babu mai cewa ka yi kyauta. Amma ladan ya zama sananne tun kafin a soka kati, ya zama gwargwadon wahala, ya zama ɗaya ga ɗan gari da baƙo. In ka mayar da abin sayar da naira da naira, kana ƙara farashi gwargwadon matsuwar da ka gani a fuskar mutum, to ka matso kusa da ƙofar riba, kuma ka je ka zauna da malami ka gaya masa yadda ka ke yi dalla-dalla. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta miƙo maka kati ta faɗa maka lambar sirrinta da ƙarfi, ta tambaye ka nawa ya rage. Babu mai ganin allon sai kai, sai Wanda Ya halicce ka.

Kai kuma mai saye, alat na ƙarya sata ce, ko da ka ce wasa ka ke yi. In an yi kuskure an turo kuɗi asusunka, ba tsintuwar da za ka ci ba ce, mai su yana nan kuma banki ya san shi, ka mayar. Mai shago kuma kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit, ya buɗe asusunsa ya ga shigar kuɗin da idonsa.

Tambaya: Mene ne hukuncin danne-dannen nan da a ke kira mainin?

Amsa: Hukuncin kuɗin intanet malamai sun yi saɓani a kai, kuma ba wannan ɗan littafi ne zai yanke ba. Amma abin da ya faru a 2024 kowa ya gani. Da Notcoin ya fashe a watan Mayu waɗansu su ka sami wani abu, sai samari su ka dira a kan Hamster Kombat, damina guda a na dangwalar gilashi dare da rana, wani da waya uku, har a bakin masallaci. Da a ka raba a ƙarshen Satumba, da yawa abin da su ka samu bai biya kuɗin data da caji ba. Wanda ya yi noman ƙodago a waɗannan watanni ya fi su shigar da kuɗi. Kafin ka sa lokacinka ko kuɗinka a irin wannan, ka tambayi mai kiranka abu biyu: wane kaya a ke sayarwa ko wane aiki a ke yi wa mutane, kuma daga aljihun wa ribar ta ke fitowa? In amsar ita ce daga kuɗin waɗanda za su shigo bayanka, to irin MMM ce da ta rufe da dukiyar jama'a a Disamba 2016. In kuwa amsar ita ce sai ƙungiya kaza ta ci wasa, to caca ce, kuma hukuncinta a bayyane ya ke a suratul Ma'ida. Allah ne Mafi sani.